Kwanon Kulu

Tsafe,
cikin watan Zulƙida.

Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kun sauka Gusau lafiya, ke da maigidanki. Allah ya tsare ku a hanya da cikin gida, ya sa kun shiga sabon wurin a sa'a, ya haɗa ku da maƙwabta na gari. Babanki yana gaishe ki, ƙannenki ma haka.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda cikin kayanki, a cikin wani tsohon kwano da ba ki san da shi ba. Ni na sa. Kada ki yi wa rubutun dariya, abin da ajin yaƙi da jahilci ya bar mini ke nan, kuma kwana huɗu na yi ina fama da shi. Ke ce ta fari, kin san ban taɓa zama na yi doguwar magana da ke ba. Ko sunanki na yanka bai taɓa fitowa daga bakina ba. Kunyar nan ta hana ni faɗa miki abubuwa da yawa, amma wannan ba zan bari ta hana ni ba, tunda takarda ba ta da idon da za ta kalle ni da shi.

Ranar Ƙaramar Sallar da ta wuce, da kika zo gaishe mu, na hange ki a bayan rumbu kin dafe ciki. Ƙanwarki ta tambaye ki lafiya, kika yi ƙasa da murya kika ce tun da kika ci abincin da Yaya Asabe, yayar mijinki, ta zo muku da shi daga Gusau, cikinki bai zauna ba, kuma wai ba wannan ne karon farko ba. Kin ɗauka ban ji ba. Ina tankaɗe a lokacin, na ji sarai, har rariya ta kuɓuce mini. Muryata na ji tana fitowa daga bakinki. Wannan maganar ni na fara yin ta, a cikin gidan nan, kina goye a bayana. Yanzu ga shi kin koma unguwa ɗaya da Asabe, ga Babbar Sallah ta ƙarato, kuma ita ce ta farko da za ki yi a matsayin mai gida da tukunyarki. Shi ya sa na kasa haƙuri.

Ina da wani baƙo da ba ki sani ba. Tun Sallar farko da na yi a gidan babanki yake zuwa mini. Da zarar an ce an ga watan Sallah, sai in ji wani abu ya ɗaure mini ƙasan haƙarƙari, kamar an ja bakin buhu an ƙulle. Kwana biyu, uku, sai ya fara ƙugi. Ba irin kukan cikin mai yunwa ba ne. Wani gunaguni ne ƙasa ƙasa, irin wanda kike ji idan mutum yana magana a bayan ƙofa ba ki gane abin da yake cewa. Da tsakar rana, in gida ya yi tsit, nakan ajiye aiki in saurara. Wallahi akwai ranar da na juya na ce, “Wa ke nan?” Ba kowa, daga ni sai cikina. In an gama shagalin Sallah da mako ɗaya, sai in neme shi in rasa, har wata Sallar.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauki Sallah a matsayin ranar da za a yi mini hisabi. Kakarki ta wajen uba, Allah ya jiƙan ta, mace ce mai ido. Ba ta faɗa, kallo take yi, ni kuwa kallon nan ya fi mini zagi ciwo. Tun kwana goma kafin Sallah nake lissafin abin da za ta gani: ko daɓen ɗaki ya fashe, ko tukwane sun yi baƙi, ko kitson yara ya tsufa, ko miya za ta isa baƙi. In kwanta da shi, in tashi da shi. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko babanki. In ya ce, “Lafiya kike?” sai in ce lafiya lau, ina murmushi, ciki na murɗa mini. Daga baya, da tsufa ya kama ta muka saba, na ba ta labari. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ita tukunyar tuwo kawai take leƙawa ta ga ko akwai ƙanzo, don tana son shi.

To ki sani, damuwar da baki ya ƙi faɗa, ciki take sauka. Ke ma irina ce, kina da haɗiye magana. In aikin Sallah ya yi miki yawa, ki buɗe baki ki ce ya yi yawa. Ki gaya wa maigidanki abin da za ki iya da wanda ba za ki iya ba tun kafin ranar ta zo. Ki raba aikin kwana kwana, kada ki tara shi jajibiri. Ba wanda aka taɓa kora daga gidan miji don cincin bai yi kyau ba.

Kuskure na biyu, yadda nake ci. Ranar layya kin san ba a karyawa sai an sauko Idi. To ni in an sauko ma ba na ci. Maza su yanka, su feɗe, su banƙare ragon a kan itace su jera a bakin wuta, mu kuma a turo mana kayan ciki. Daga nan ina tsaye a kan kasko har la'asar, hayaƙi a ido, ba abin da ya shiga cikina sai goro. In yunwa ta ci ƙarfina, sai in tsamo hanta ko tumbi daga cikin mai, da zafinsa, in dangwala yaji in haɗiye a tsaye. Washegari rabon nama, jibi suya, gata suya. Kwana huɗu ba ganye, ba kunu, daga kitse sai yaji sai lemon kwalba da aka ajiye wa baƙi. Ruwa kuwa da gangan nake ƙin sha. Kin san dalili? Gida cike da surukai, ina jin kunyar a ga na ɗauki buta na nufi bayan gida. Sai in matse, in matse, har abin ya daina nemana. Ki duba wautar uwarki: mutanen da nake jin kunya, kowannensu da butarsa ya zo.

Ke kada ki yi haka. Ana saukowa daga Idi ki zauna, zama na gaske a kan tabarma, ki sha kunu ko fura da nono kafin ki taɓa kasko. Ki ajiye ruwa kusa da murhu ki riƙa kurɓa, bana Sallar a tsakiyar zafi za ta faɗo. Nama ki ci kaɗan kaɗan, ki tauna shi, ba gudu zai yi ba. Kullum ki sa ganye a cikinki, zogale ko rama ko yakuwa, duk wanda kika samu a kasuwa. In bayan gida ya neme ki, ki tafi, ko Sarkin Musulmi ne a zauren. Da azahar ki saci ɗan lokaci ki miƙe bayanki. In kin ci abinci ki ɗan taka, ko zagayen tsakar gida ne.

Da a ce nan wautata ta tsaya, da ban ɓata takarda ba. Kin tuna Kulu, wadda katanga ɗaya ta raba mu? Kina ƙarama, amma ba za ki manta ta ba, ita ce mai ba ki ƙuli-ƙuli ta saman katanga. 'Yar Bungudu ce, aure ya kawo ta Tsafe, ta girme ni da shekaru. Ranar da aka kawo ni, ita ta fara shigowa ta nuna mini inda rijiya take da wanda ake saye wa itace. Da na haife ki, ita ta dafa mini ruwan wanka kwana arba'in. Tana da wani irin daka, bugu biyu da sauri sannan ɗaya mai nauyi, ko ina ɗaki na san Kulu ce a bakin turmi.

Kin san al'adarmu, ranar Sallah kowane gida yana fitar da abinci zuwa maƙwabta, kuma kwanon da ya shigo ba ya komawa wayam, sai an juye an zuba wani abu a ciki. Kulu tana da wani farin kwano mai shuɗin baki, da faifan da ta saƙa da hannunta. Shi take aiko mini da shi. Sallar da kika fara tafiya, na buɗe kwanon na ga tuwo mai laushi da wata miya fara-fara, ganye ya yi mata yawa, ba manja, ba yaji, ga ɗan ɗaci da ƙamshin citta. Na ce a raina yau Kulu ta yi rowa. Na ɗan ci loma biyu a tsaye, na koma kan kasko. Da yamma cikina ya murɗa har na durƙusa.

Washegari na shiga gaishe-gaishe a unguwa. A gida biyu na tarar da sauran abincin Kulu, miya ja wur, mai yana yawo a sama, nama zuƙu-zuƙu. Na tambaya da dabara, aka ce ai wannan ita ce miyar da Kulu ta raba wa kowa. Kowa an ba shi ja, ni kaɗai aka ba fara. Ke nan tukunyata daban aka ɗora. Don me za a ɗora wa mutum ɗaya tukunya daban?

A nan na yi kuskure na uku. Kulu tana bayan katanga, in na ɗaga murya za ta ji. Maimakon in tambaye ta, sai na ɗauki ƙafa na tafi wani ƙauye a bayan 'Yandoto, wurin wata tsohuwa mai magani da aka yi mini kwatance, na ce wa babanki barka za ni. Rana tsaka na isa, garin shiru kamar an kwashe mutanen. Tsohuwar tana zaune a inuwar tsamiya, idonta ɗaya ya yi fari fat. Ta sa na kwanta a tabarma, ta kara kunnenta a cikina, ta daɗe. Ina jin numfashinta a fatata. Cikin nawa kuwa, kamar ya san an zo sauraronsa, ya shiga ƙugi.

Ta ɗago ta ce, “Ana magana cikin nan. Wa ka ba ki abinci na daban?”

Na ce, “Maƙwabciyata ce, Inna.”

Ta ce, “To, ke kin san ta, mi kika zo nema wurina?”

Ki lura, ba ta faɗi sunan kowa ba. Ni na kai mata sunan a bakina, ita kuma ta mayar mini da shi. Ta ba ni wani garin magani baƙi, na bar mata kaza, na dawo. Garin nan kwana uku ya yi yana wanke mini ciki har na kasa tsayuwa, ni kuwa ina murna wai sammu ne yake fita.

Uwani, duk wanda ya tafi neman mai laifi, ba ya dawowa hannu rabbana. In cikinki ya dame ki, asibiti yana nan Gusau, kabukabu ɗaya zai kai ki. In kuma wani abu na wani ya ɗaure miki kai, ki tambaye shi da bakinki tun yana raye.

Daga wannan shekarar ban sake cin abincin Kulu ba. Akwai wani rami a bayan ɗakin girki, jikin katangarta, inda aka haƙi ƙasar gini. Duk Sallah, ƙarama da babba, kwanon zai shigo, in karɓa da fara'a in ce a gaishe ta. In an ɗauke ido, in zaga baya in kife shi a ramin, in tura ƙasa da ƙafa. Sannan in wanke shi da toka sau uku, in cika shi da tawa miyar mai ja, in mayar. Kaji sukan tona su ci, ba abin da ya same su, sai na ce ai da sunana aka yi, ba da sunan kaza ba. Wata damina kabewa ta fito a ramin, ba wanda ya shuka ta. Ta yi yaɗo har ta haura katanga zuwa gidan Kulu, ganyenta faɗi-faɗi, 'ya'yanta manya. Na hana kowa taɓawa. In na wuce ta wurin sai in ji kamar ana kallona, in yi sauri ina karanta abin da ya zo bakina.

Ciwon bai daina zuwa ba. Amma zuciyar da ta riga ta yanke hukunci ba ta rasa hujja. Na ce turirin abincin ne da nake shaƙa in na buɗe faifai. Na daina buɗewa, ciwo ya zo, na ce taɓa kwanon ne. Na janye jikina daga Kulu a hankali. In ta miƙo miki ƙuli-ƙuli, in ƙwace in ce haƙoranki. In ta shigo hira, in ce kaina ke ciwo. Ba ta taɓa nuna ta ji haushi ba. Wata rana dai, ana saura kwana uku Sallah, ta leƙo ta saman katanga ta same ni dafe da ciki, ta ce, “Hajo, kin sha wani abu yau kuwa?” Na ce na sha. Ta daɗe tana kallona, sannan ta sauka. Ni kuwa na ce a raina ta zo duba aikinta ne. Shekara tara muna haka.

Sai Kulu ta kwanta ciwo, wata biyu kafin Babbar Sallah. Sau ɗaya na shiga duba ta, a bakin ƙofa na tsaya. Ta rame ƙwarai. Ta miƙo hannu, na yi kamar ban gani ba, na ce Allah ya sawwaƙe na fito. Ana saura kwana ashirin Sallah ta cika. Ba zan ɓoye miki ba, ina cikin masu kuka, amma can ƙasan zuciyata wani abu yana cewa bana za ki yi Sallah lafiya. Allah ya yafe mini.

Aka ga wata. Washegari ina shara, sai na ji an ja bakin buhun nan an ƙulle. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Kwana biyu, ƙugin ya fara, ya ma fi na kullum ƙarfi. Kulu tana ƙarƙashin ƙasa, ba kwano, ba turiri, ga baƙona ya zo a kan lokacinsa. A ranar ne na fara ƙirga abin da ya kamata in ƙirga tun shekara tara: ciwon nan kullum yana riga kwanon zuwa, a Babbar Sallah har da kwana tara ko goma. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Amma taurin kai bai sake ni ba, sai na ce wataƙila abin da ta binne ne yake aiki bayan ranta.

Ranar Sallah da hantsi, maza sun tafi Idi, unguwa ta yi tsit. Ina wanke kasko sai na ji daka daga bayan katanga. Bugu biyu da sauri, ɗaya mai nauyi. Bugu biyu da sauri, ɗaya mai nauyi. Ruwan da ke hannuna ya zube. Na shige ɗaki na toshe kunne, amma ina jin shi ta ƙasa, ta cikin daɓe. Can ya tsaya.

Da azahar na fita zaure ɗauko itace. A bakin ƙofar cikin gida, a ƙasa, ga farin kwano mai shuɗin baki, rufe da faifan Kulu. Ba wanda ya yi sallama, ba wanda ya ga mai kawowa. Na durƙusa na taɓa gefensa. Da ɗuminsa. Na ɗaga faifan da yatsa ɗaya: tuwo mai laushi, miya fara-fara, ƙamshin citta.

Ban san yadda aka yi ba, ƙafafuna da suka saba suka ɗauke ni zuwa ramin. Ina sauri, miya tana zuba a yatsuna. Na karkata kwanon ke nan, sai na ji murya a saman kaina.

“Inna Hajo, kak ki zubda wanga.”

Na ɗaga kai. Fuskar Kulu ce a saman katanga, daidai inda take leƙowa. Ihun ma ya ƙi fita. Sai da na ƙifta ido sau da yawa na gane Luba ce, babbar 'yarta da ke aure a Bungudu. Ashe ta dawo jajibiri don ta yi wa mahaifinta da ƙannenta girkin Sallah, ni ban sani ba, tunda na daina shiga gidan. Ita ce mai dakan, a hannun uwarta ta koya. Tana tsaye a kan turmin da uwarta take takawa.

Ta ce, “Shi na na ƙarshe. Inna tac ce in yi miki.”

Ta ci gaba, muryarta ba faɗa a ciki, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi.

“Tana kwance tac ce, Luba, in Sallah ta zo ba ni nan, ki ɗora ma Hajo tukunyatta daban. Kak ki sa manja, kak ki sa tanka ko wani yaji, ki sa zogale da citta. Cikinta ba ya son Sallah, tun tana amarya nike ganin ta tana dahe shi, ga ta da kunya, ba ta hwaɗi. Nic ce, Inna, ai zubdawa takai, ni da ke mun sha ganin ta ta nan. Tac ce, na sani. Ki dai yi. Wata shekara yunwa za ta kama ta, ta ɗanɗana.”

Uwani, shekara tara tana tsaye a kan turmi tana kallona ina kife abincinta a rami. Shekara tara tana barin aikin gidanta ranar Sallah, ranar da kowace mace ba ta da lokacin sosa kai, ta hura wuta ta biyu saboda cikina. Ni kuma in cika kwanonta da mai da yaji in mayar mata, ina jin na tsira.

Na zauna a ƙasa a bakin ramin, cikin ganyen kabewa, na sa hannu na ci. Ina ci hawaye na zuba a ciki. Shi ne abinci na farko da na taɓa ci a zaune ranar Sallah tun da na yi aure. Da na ɗago, ba kowa a saman katangar. Yinin ranar cikina bai ce uffan ba.

Bayan Sallah na gaya wa babanki ciwon, ban gaya masa sauran ba. Ya kai ni asibiti Gusau. Wata ma'aikaciya mai furfura ta duba ni, aka yi gwaje-gwaje, ba a ga komai ba. Ta tambaye ni yadda nake ci da yadda nake barci in Sallah ta zo, na faɗa mata, ta riƙe haɓa. Ta ce ciki da zuciya maƙwabtan juna ne, in ɗaya ya tashi hankali ɗayan ba ya zama lafiya. Abin da ta ce in riƙa ci kusan duk abin da ke cikin kwanon Kulu ne. Ta kuma ja mini kunne, ni ma ina ja miki: in kika ga jini a bayan gida, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciwo ya wuce Sallah bai tafi ba, ko kina ramewa ba dalili, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe, ki tafi asibiti a ranar. Baƙona har yanzu yakan leƙo in an ga wata, amma yanzu na san shi. In zauna in sha kununa, in raba wa ƙannenki aiki, sai ya yi ɗan gunaguninsa ya wuce.

Ban san abin da ke zuciyar Asabe ba, ban zauna da ita ba. Abin da na sani, ranar da kika dafe ciki a bayan rumbu, kwana uku kika yi kina suya da goge-goge don zuwanta, kuma ƙanwarki ta ce rabonki da abincin kirki tun jajibiri. Kafin ki ɗora wa baiwar Allah abin da ba ki gani da idonki ba, ki ƙirga kwanakin. Ki duba ko ciwon ne yake riga abincinta zuwa. Bana in ta aiko, ki zauna ki ci. In kin ga nata ya bambanta da na kowa, ki taka har gidanta ki ce, “Yaya, me kika sa a miyar nan?” Tambayar da ba ta fi numfashi ɗaya ba, ita na kasa yi.

Saura kwanon. Na Kulu ne, shi ne wannan da kika samu takardar a ciki, faifan ma nata ne. Luba ta koma Bungudu kwana biyu bayan Sallar, ban mayar ba. Kwano ba ya komawa wayam, ni kuwa shekara takwas ke nan ina tunanin abin da zan zuba a ciki, na rasa. Yana ƙarƙashin gadona duk tsawon lokacin nan. Duk Sallah sai na jawo shi na taɓa gefensa, ban san me nake tsammani ba.

Washegarin Sallah za ku je Bungudu gaida surukanki. Ki tambayi gidan Luba 'yar Kulu ta Tsafe, kusa da masu saƙar tabarma take, ba wanda bai san ta ba. Ki ɗora tukunya daban da hannunki, ko aiki ya kai miki iya wuya. Ki sa zogale da citta, kada ki sa manja. Ki kai mata da kanki, ki yi sallama da ƙarfi, kada ki ajiye a bakin ƙofa. Ranar nan ta sauka daga kan turmin kafin in gama, ba ta ga ƙarshe ba, ni kuma ban taɓa samun fuskar gaya mata ba. Ki ce mata Inna Hajo ta cinye, ko loma ba ta bari ba.

Allah ya jiƙan Kulu, ya haskaka kabarinta, ya sa ta yafe mini. Ke kuma Allah ya tsare ki daga sharrin mutane, ya tsare mutane daga zatonki. Ya ba ki lafiyar ciki da kwanciyar rai, ya kai mu Sallah lafiya, ya dawo mini da ke ina raye.

Wassalam.

Mahaifiyarki.